Zoɓon Inna da Bugun Bango

Wata huɗu cur Malam Balarabe bai buɗe baki ya nemi wani abin ci ba. Sai ran ɗaya ga azumin bana, da hantsi, yana zaune kan buzunsa a ƙofar ɗaki, ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa da ke shara, ya ce, "Maimunatu, yau kam da zoɓon uwakki nika son in sha ruwa."

Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Maimunatu. Ta ce, "Baba, mi kac ce?"

"Kunnenki ma azumi shikai? Zoɓo nac ce. In da hali a haɗa da hoce."

Wayyo daɗi! Mace mai 'ya'ya huɗu, sai ga ta tana tsalle a tsakar gida. Ta shiga ɗaki neman mayafi ta fito da murfin tukunya, ta koma ta fito da mayafin, ta manta takalmi. Kada ku yi mata dariya, don ba ku san irin wahalar da ta sha ba.

Wannan tsoho da kuke gani, malami ne, ɗan malamai, amma duk Kaura an san shi da ƙwalama. Aljihun rigarsa ba ya rabo da dakuwa ko soyayyar aya. Tsakanin azahar da la'asar kuwa sai an ajiye masa hoce, wainar dawar nan, da garin ƙuli da ɗan man gyaɗa, ga kofin zoɓo a gefe, in ba haka ba ɗaliban da ke ɗaukar karatu a zaurensa su gane kurensu. To tun ranar da aka kai matarsa Inna Ladidi makwancinta, bakin nan ya rufe. Tuwo loma biyu, ya ture kwano. Maimunatu ta baro mijinta Murtala da yara a Shinkafi ta dawo Kaura don ta kula da shi. Babu abin da ba ta gwada ba: alkaki, gullisuwa, tuwon madara, fura mai kyau ta Fulani, har lemun kwalba mai sanyi. Sai ya duba ya ce Allah ya yi albarka, ya kau da kai. Makon jiya likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, in tsohon bai soma ci ba kwantar da shi za a yi a sa masa ƙarin ruwa. Shi kuma ya rantse ba mai hana shi azumi.

Yau ga shi da bakinsa ya nemi abu. Maimunatu ta san in zoɓon nan ya yi daidai, ƙofa ta buɗe. In kuwa ya kurɓa ya ji ba shi ba ne, ya ajiye kofin, to Allah kaɗai ya san ranar da zai sake nema.

Tana cikin keke-napep a hanyar kasuwa ta kira mijinta, tana magana da ƙarfi har mai keken ya waiwayo. "Baban Yusra, Baba ya nemi zoɓo! Wallahi da bakinai! Har da hoce!" Murtala ya yi hamdala, sannan ya jefo mata tambayar da ta ɗan rage mata gudu: "To kin iya irin na Inna?"

Nan fa ake yinta. Zoɓon da Maimunatu ta tashi da shi a Birnin Tsaba, can ƙasar Zurmi, mai tsami ne, irin wanda in ka kurɓa sai ido ɗaya ya rufe. Amma shekara shida da suka wuce, da zaman ƙauye ya gagara iyayenta suka dawo Kaura, Malam ya kamu da gyambon ciki, tsami ya zama abokin gabarsa. Sai Inna ta sake hannu. Ta fito da wani zoɓo mai laushi a baki, wanda tsohon zai sha kofi uku cikinsa bai ce uffan ba. Maimunatu ta sha shi sau biyu ko uku in ta zo yawon salla, ta yaba, ta wuce, ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda ake yi ba. Wa ya san uwa za ta tafi? In ta tambaya a waya, "Inna, mi kika sa ma zoɓon ga?" sai tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ni mi na sani? Tambayi harshen maƙwabciyata."

Maƙwabciyar ita ce Dooshima, Maman Terna, 'yar Tibi daga Binuwai, Kirista, tana aiki a ɗakin karatu na poli, kwalejin fasaha ta garin. Bango ɗaya ya raba gidajen biyu. A gidan Malam Balarabe mai azumi ba ya ɗora komai a harshe, ko da zai tofar, don Malam ya ce makaruhi ne, kuma ba a jayayya da shi a kan wannan. Saboda haka kowane azumi, in an yi la'asar, Inna takan ɗauki ludayi ta bugi bangon sau uku. Dooshima ta zagayo, a miƙa mata kofi, ta ɗanɗana ta faɗi abin da ya rage. Shekara shida ana haka, unguwa duk ta sani.

Don haka Maimunatu ta ce wa mijinta, "Kwantar da hankalinka, ai ma'aunin Inna na nan bayan bango."

Kasuwar Kaura ran ɗaya ga azumi, sai wanda ya gani. Masu dabino sun baje, masu ƙanƙara na ta kiran ciniki tun rana ba ta take ba, ga tiren kantu da iloka, ga awara ana yankawa, ga ƙamshin ƙuli sabon suya yana bin mutum har cikin ƙoƙon kai. Maimunatu ta haɗiye yawu ta ce a'uzubillahi, ta kutsa. Ta zaɓi zoɓo baƙi mai kauri, ta ƙi na farko ta ƙi na biyu, har mai zoɓon ya ce, "Hajiya, zoɓo kika saye ko amarya kika zaɓe?" Ta sayi citta da kanunfari da masoro, da goruba shida, da dankalin Hausa, da mazarƙwaila dunƙule biyu. Hoce kuwa ta je har gidan wata tsohuwa a bayan tashar jirgi, wadda Inna ke saya a wurinta, ta ce a ajiye mata na la'asar mai zafi.

Kafin azahar tukunya na kan wuta. Ta fasa goruba ta jiƙa, ta goge dankali ta tace ruwansa, ta daka kayan ƙamshi. Gida ya ɗauki ƙamshi har Malam da ke jan carbi ya ɗan ɗaga hanci, ita kuwa ta gani ta wutsiyar ido, zuciyarta ta yi fari ƙal. Ta tace zoɓon a babbar roba, ta zuba ruwan goruba da na dankali, ta narka mazarƙwaila ta juye. Ja wur, yana sheƙi. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonsa, ita da kanta ta ce, "Kai, Maimunatu, Allah ya yi maki hannu."

Ana sallame la'asar ta ɗauko ludayin Inna na duma, wanda bakinsa ya ɗan gutsure. Ta tsaya gaban bangon. Akwai wani gurbi a jikin siminti, daidai kafaɗa, inda shekara shida na bugu suka cinye fenti. Ta buga: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Can sai ta ji an saki wani abu a wancan gidan, kwano ne ko faranti, ya yi ƙara. Sai ga takun gudu. Dooshima ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba, ɗankwali a hannu, idonta ya cika da hawaye.

"Maman Yusra! Ke ce? Wallahi na ɗauka... kai, bugun nan ya tsinka mani zuciya."

Suka rungume juna. Da suka saki, Maimunatu ta lura da wani baƙi a goshin maƙwabciyar. Ta ce, "Ke kuma garin gudu kin shafo baƙin tukunya," ta kama bakin mayafinta za ta goge.

Dooshima ta yi baya da sauri ta kare goshin da tafin hannu. "A'a, a'a, bar shi! Ba baƙin tukunya ba ne, toka ce. Daga coci nike. Yau Larabar Toka, mu ma yau munka ɗauki namu azumin."

"Azumi? Yau? Ku ma?"

"Bana tare munka tashi. Kwana arba'in, har Ista."

Maimunatu ta yi dariya ta tafa hannu. "Ikon Allah! To barkanmu. Amma ai na ji naku ana shan ruwa ko? Zo ki ɗanɗana mani, Baba ya nemi zoɓon Inna, yau ko ni ko ke." Ta ɗauko kofin Inna, farin kofin langa mai zanen jan fure a gindinsa ta ciki, ta cika ta miƙa.

Dooshima ba ta karɓa ba. Ta dubi kofin, ta dubi Maimunatu, fuskarta ta sake.

"Maman Yusra, a azuminmu kowa kan zaɓi abin da ya fi so ya bar shi don Allah. Ni da safen nan, gaban bagadi, na ɗauki alkawari ba ni sa zaƙi a bakina sai Ista. Na ce tunda mai ba ni zoɓo ta tafi, bari in bar zaƙin gaba ɗaya, in riƙa tunawa da ita. Ban san za a sake buga bangon nan ba."

Innalillahi. Maimunatu ta zauna a kan turmi. Duk tsallen safe ya bi iska. Rana ta karkata, inuwar bango ta kusa cinye tsakar gida, ga roba cike da zoɓon da ba wanda ya san ko na Inna ne ko na wa. Ta ɗanɗana da kanta ta tofar? A gidan nan, Malam na zaune taku goma daga wurin? Ko ta yi ma, me za ta gane, ita da rabonta da zoɓon Inna tun sallar bara waccan? Ta kira wani daga waje? Kowa zai ce ya yi daɗi, amma ba daɗi ake nema ba, na Inna ake nema. Tsoro ya kama ta sosai, ta faɗa wa Dooshima komai da murya ƙasa-ƙasa: wata huɗun nan, maganar likita, da abin da zai faru in tsohon ya ajiye kofin.

Dooshima ta saurara har ƙarshe. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki kofin. "Allah ya san dalili. Kawo, kurɓi ɗaya ne."

Kofin ya kusa kai bakinta Maimunatu ta yi zumbur ta cafke mata hannu, har zoɓo ya fallatsa a zanensu su biyu.

"Wallahi ba ki sha! Ni in tsare nawa azumin in karya naki? Da wane ido za ni kallon ki gobe? Aje shi, Maman Terna."

Suka tsaya cirko-cirko, hannu huɗu a kan kofi ɗaya. Dooshima ta sunkuyar da kai, idonta ya faɗa cikin kofin. Sannan, abin mamaki, sai ta fashe da dariya, dariya har da hawaye, har tana dafa bango.

Maimunatu ta ce, "Ke lafiya? Ni ina cikin tashin hankali kina dariya?"

"Maman Yusra, zauna in faɗa maki abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba. Shekara shida ina ɗanɗana zoɓon nan, Inna ba ta taɓa ƙara ko ƙwayar abu ɗaya don na ce ba."

"Kamar ƙaƙa?"

"In na ce ya yi, ta ce madalla. In na ce da sauran zaƙi, ta ce to, ta juya mani baya, ta sa ludayi ta motsa. A shekara ta biyu na ce bari in gwada ta. Zoɓo ya yi daidai, na ce Inna, tsami ya yi yawa. Na leƙa ta gefen kafaɗarta. Ludayi wayam ta sa ta motsa, ta sake zubo mani cike da kofi, ta ce to yanzu fa? Na ce yanzu ya yi. Ta ce kin gani, ba don ke ba da mun sha kunya."

Maimunatu ta saki baki.

Dooshima ta share ido da ɗankwali. "Lokacin da sunka tare nan, ni shekarata guda a unguwar ga, ban da sannu ba abin da ke haɗa ni da kowa. In azumi ya zo, magariba ta yi, kowane gida na hayaniya, ni ina zaune ni da yaro. Inna ta lura. Da ta aiko mani a kwano, sadaka ce, in ce na gode in rufe ƙofa. Sai ta buga bango ta ce tana da buƙata. Kin ga wanda aka nema taimako wurinsa ai ba baƙo ba ne."

Maimunatu ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, kukan kewar uwa, ba ta ɓoye ba. Amma rana ba ta jiran mai kuka. Ta ɗago ta ce, "To in ba harshenki ba ne ma'aunin, mine ne?"

"Shi ya ba ni dariya. Duba cikin kofin ga. Kina ganin furen?"

Maimunatu ta leƙa. Ga jan furen nan a gindin kofi, ana hango shi ta cikin zoɓon. "Ina ganinai."

"To bai yi ba! Kullum kafin Inna ta miƙo mani sai ta matsa wajen haske ta leƙa cikin kofin. Ni kuma duk kofin da ta taɓa ba ni, ban taɓa ganin furen nan ba sai na shanye. Nata ya fi wannan duhu. Kuma akwai wani ɗan kwano da take ajewa bayan randa, tana tsiyaya ruwansa kaɗan-kaɗan, zoɓon ya yi kumfa."

Maimunatu ta daka tsalle. "Kanwa! Ruwan kanwa! Shi ka kashe tsami! Don cikin Baba!"

Ta ruga bayan randa. Ga ɗan kwanon nan a kife, wata huɗu ba wanda ya taɓa shi, farin busasshen ruwan kanwa ya kama gefensa. Ta ɗauko kanwa a madafa ta jiƙa. Daga nan aiki ya koma na mutum biyu: Maimunatu na tsiyayawa tana motsawa, Dooshima na ɗiba a kofi tana kai wa wajen haske.

"Ina ganin fure! Ƙara!"

"Yanzu fa?"

"Ganye ya ɓace, saura kan furen. Kaɗan, kaɗan, kar ki zarce, in ya yi yawa ɗanɗanon sabulu zai yi!"

Kumfa ya taso ya kwanta. Jan ya koma duhu, irin na nunanniyar ɗinya. Dooshima ta ɗiba, ta karkata kofin, ta daɗe tana kallo, ta kai hanci ta shaƙa. Ta ce, "Fure ya tafi. Maman Yusra, wannan ƙamshin la'asar ɗin Inna ne." Maimunatu ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, ta tuna Malam na kusa, ta toshe bakin da hannu biyu.

Aka jefa ƙanƙara. Aka karɓo hoce da zafinsa, aka barbaɗa garin ƙuli, aka zuba mai. Dooshima ta ce za ta koma gida, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "In ya sha, ki buga mani sau ɗaya in ji."

Ladan ya kira magariba. Malam Balarabe ya yi addu'a, ya ci dabino ɗaya, ya kurɓi ruwa. Maimunatu ta durƙusa ta ajiye masa farin kofin da farantin hoce. Tsohon ya ɗauki kofin, ya leƙa ciki, ya daɗe. Bai sha ba.

"An buga bango?"

"An buga, Baba."

"Ta ɗanɗana?"

Ƙarya ta zo har bakin Maimunatu, ta mayar da ita. "A'a, Baba. Su ma yau sunka ɗauki azumi, ta yi alkawarin barin zaƙi kwana arba'in. Ta so ta karya don kai, ni na hana ta."

Malam ya dube ta, wani abu ya motsa a gefen bakinsa wanda rabonta da ganinsa tun Inna na da rai. Ya ce, "Kin yi daidai." Ya yi bisimilla ya kafa kai.

Maimunatu ta bi maƙogwaronsa da ido. Kurɓi ɗaya, biyu, uku. Bai sauke ba sai da jan furen ya bayyana a gindin kofi. Ya ajiye, ya goge gemu, hawaye na bin kuncinsa bai damu ya share ba. Ya gutsuri hoce ya dangwali ƙuli ya kai baki, ya sake gutsura. Sannan ya tura mata kofin da yatsa.

"Ƙaro. Kuma gobe a sa dakuwa."

Ta tashi da gudu, ta biya ta bango ta ɗirka masa ludayi sau ɗaya da ƙarfin da ya kusa raba ludayin biyu. Daga wancan gefen aka amsa da guɗa, guɗar da Inna ce ta koya wa Dooshima.

Da ta dawo da kofi na biyu, Malam ya ce, "Ranar da Maman Terna tas sha nata ruwan, ko mun daɗe da yin salla, a dafa mata zoɓo tukunya guda ita kaɗai. Gobe kuma in an yi la'asar ki buga bango."

"Baba, ai na ce maka ba ta shan zaƙi sai bayan kwana arba'in."

Tsohon ya karɓi kofin, ya leƙa ciki.

"Ca nac ce ki buga. Uwakki ma ba don a sha take bugawa ba."